Zauren Tambaya da Amsa: Hawan dutsen da jirgin yawon buɗe ido ke kai fasinja, ƙafata za ta iya kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne a Tawa, shekarata 67. Ɗana da ke aiki a Faransa ya yanka mana tikitin jirgin ruwa na yawon buɗe ido, ni da mahaifiyarsa, kwana 10 a Bahar Rum cikin watan Yuli. Biza ta fito, alhamdu lillahi. Jirgin zai tashi daga Italiya, ya tsaya a Napoli, Santorini, Atina, Kotor da Dubrobnik. A kowace tasha akwai fita da ƙafa, wasu an rubuta musu «facile» (mai sauƙi), wasu «modéré» (matsakaiciya), wasu «difficile» (mai wuya), kuma ɗana ya ce in zaɓa. Ni mutum ne mai tafiya. Kullum bayan asuba nakan taka kilomita 4 ko 5, kuma na yi aikin Hajji a 2019 ban hau keken turawa ba ko sau ɗaya. Gwiwata ta dama ce kawai ke damuna lokacin hunturu. Zan iya da masu «difficile» ɗin? Ba na so in je in zauna cikin jirgi kamar kaya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba Malam. Allah ya yi wa wannan yaro albarka, ya ba shi masu yi masa. Zan faɗa muku gaskiya tun daga farko: akwai ɗaya cikin wuraren nan biyar da ba na so ku hau har ƙololuwa, shi ne Kotor. Sauran huɗun kuna iya ganinsu ku more su, in kun san inda wahalar kowanne take ɓoye.

Ku fara da cire kilomita daga lissafinku. Mu mutanen ƙasa shimfiɗaɗɗiya ne, da tsawo muke auna tafiya. Daga Tawa zuwa Yamai sama da kilomita 500 ne, amma tudu nawa ne a hanyar da za su sa mai tafiyar ƙasa haki? Ko mu ƴan Adar da muke taƙama da duwatsun Keita da Buza, yawancinmu a gindinsu muke wucewa, makiyaya ne ke hawa. Gidajenmu a ƙasa suke, masallatanmu a ƙasa, kasuwanninmu a ƙasa. Shi kuwa wanda ya rubuta takardar da ke hannunku ya tashi ne a garin da ake hawa bene kullum, ana sauka jirgin ƙarƙashin ƙasa ana fitowa ta matakala. Idan ya ce «modéré», da ƙafar mutanen garinsu ya auna. Kuma babu wata hukuma da ta ɗaure kamfanonin jiragen a kan ma'auni ɗaya. Kowane kamfani shi ke raɗa wa fitarsa suna, har ya zama abin da wannan ya kira matsakaici, wancan yana kiransa mai wuya.

Akwai wani lissafi da masu hawan dutse ke aiki da shi tun 1892, wanda wani ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya kawo. Kowace kilomita 5 ta tafiya awa guda ce, sannan kowace mita 600 ta hawa sama a ƙara mata awa guda. Ku da kuka koyar da lissafi, ku duba abin da wannan ke nufi: mita 600 a tsaye tana cin lokacin mita 5,000 a kwance. Wato hawan mita 1 ya fi tafiyar mita 8. Kuma lissafin na ƙaƙƙarfan mutum ne, a hanya mai kyau, ba hutu a ciki.

Ni a Kotor na koyi wannan, a jikina. Shekarata 51 lokacin, ina tafiya kullum da yamma a bakin kogi wajen unguwar Yantala a Yamai, ina jin ƙarfina. Takardar kamfanin da na bi ta nuna tafiya ce da ba ta kai kilomita 3 ba, zuwa da dawowa. Na ce a raina, ai Gadar Kennedy ta Yamai mita 710 ce, wannan bai wuce in ƙetare ta sau huɗu ba. Abin da takardar ba ta faɗa ba, kuma har yau ina ganin hakki ne ta faɗa, shi ne matakala kusan 1,350 ce, tana ɗaga mutum kimanin mita 260 daga bakin teku zuwa tsohon sansanin sojan da ke saman garin. In kun raba da mita 3, tsayin hawa ɗaya na bene, kun sami bene mai hawa 80 da ɗoriya.

Garin kansa abin kallo ne, ba na so in ɓata muku shi. Yana can ƙuryar wani lungun teku a Montenegiro, duwatsu sun kewaye shi kamar akushi, ganuwarsa da mutanen birnin Benis na Italiya suka ƙarfafa ta haura jikin dutse tana lanƙwasa. Girgizar ƙasa ta yi masa mummunar ɓarna a 1979, kuma a shekarar ce UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Matakalar siririya ce, ta mutum ɗaya, manne da bango, a gefenta kuma gangaren duwatsu ne da sawun mutane ya goge har suna sheƙi. In kun haɗu da mai saukowa, dole ɗaya ya koma kan gangaren. Babu ƙarfen riƙewa a mafi yawan hanyar, inuwa kuma ƙalilan ce.

Hawan na yi shi, ina haki ina tsayawa, kusan awa guda. Na ɗauka na gama da wahala. Ashe tana gaba. Da muka juyo, ban sauka matakala 300 ba sai cinyoyina suka fara karkarwa, gwiwa ta daina riƙe ni yadda na saba. Duk taku sai na dafa bango. Ja-goranmu yana gaba yana duba agogo, don an ba shi lokacin da zai mayar da mu. Maiɗakina, wadda Allah ya ba ta basirar tsayawa a wata ƴar majami'a da ke wajen mita 100 daga ƙasa, tana zaune tana hange na tana addu'a. Na sauko lafiya, amma kwana biyu a zaune na yi salla, ban iya durƙusawa ba. Na rasa fitar da na fi ɗoki a duk tafiyar, kuma kuɗin da na biya mata bai dawo ba.

Daga baya na fahimci dalilin. A wajen sauka, naman cinya yana aiki ne irin na birki, yana miƙewa yana riƙe nauyin jiki a lokaci guda, kuma irin wannan aiki shi ya fi yi wa tsoka lahani. Shi ya sa tsamin jikin ba ranar yake tsananta ba, sai bayan kwana 1 zuwa 3. Ƙoƙon gwiwa kuma, a kowane taku na sauka, yana ɗaukar nauyin da ya kai ninki uku na nauyin mutum ko fiye. Wannan gwiwa taku ta dama, wadda ke magana lokacin hunturu, a nan za ta yi magana. Tafiyar asubarku ta gina muku zuciya da numfashi, wannan dukiya ce babba, amma ba ta koya wa cinyarku taka birki sau dubu ba. Don haka a Kotor ku hau zuwa ƴar majami'ar nan, wadda aka gina a 1518, ku zauna ku kalli rufin gidaje da ruwa da jirginku a ƙasa, ku ɗauki hoto, ku sauko a hankali. Kallon da ake samu a wurin ya isa a ba da labari a Tawa.

Kun ambaci Hajji, kuma na ji daɗin haka, don ya ba mu ma'aunin da muka sani. Safa da Marwa sau bakwai kusan kilomita 3 ne, amma a daɓe mai laushi, cikin sanyin na'ura. Daga tantunan Mina zuwa wajen jifa tafiya ce mai gajiyarwa, amma ita ma kwance take. Abin da za ku tambayi kanku shi ne: na hau Jabalun Nur har Kogon Hira? In kun hau, ku tuna yadda gwiwa ta yi muku a saukowa, ku ƙara shekarun da suka wuce a kai. Kotor ɗan'uwan wancan hawan ne, ba na Safa da Marwa ba.

A Napoli za su tallata muku dutsen Besubiyo, mai aman wutar da ya binne garin Fomfei a shekara ta 79 Miladiyya, wanda rabonsa da amai tun 1944. Tsayinsa mita 1,281 ne, kuma adadin yana tsorata mutane a banza, domin mota ce ke kai ku har wajen mita 1,000. Daga nan zuwa bakin ramin tafiyar minti 20 zuwa 30 ce ga mai matsakaicin ƙarfi. Hanyar faffaɗa ce, ba matakala ba ce, tsakuwa ce da tokar dutse masu zamewa ƙarƙashin ƙafa, kamar hawan tudun rairayi. Wannan kun san shi, ƙafar ɗan Tawa ta san rairayi. Ina ganin za ku iya, da sanda a hannu, kuna gajarta taku wajen gangarowa. Ku ɗauki ƴar riga ta sama, iska tana kaɗawa a can ko da ƙasa ana zafi.

Atina ba tsawo ne matsalarta ba. Tudun Akrofolis, inda tsoffin gine-ginen tarihin garin suke, bai fi mita 150 da ƴan kai daga matakin teku ba, kuma mota tana rage muku kaso mai yawa. Santsi ne da rana. Dutsen marmaran da ke ƙofar shiga, ƙafafun mutane na ɗaruruwan shekaru sun mayar da shi kamar sabulu, ko ba ruwa. Zafin kuwa, a Yulin 2023 sai da hukumomin Girka suka riƙa rufe wurin daga tsakar rana zuwa ƙarfe 5 na yamma don kare masu ziyara. Na san za ku ce wanda ya sha Afrilun Tawa, wane zafi za a gwada masa? Haka ne, amma ku tuna yadda muke cin nasara a kan zafinmu: ba ma fita. Ƙarfe 1 na rana kowane dattijo yana ƙarƙashin rumfa ko bedi da butarsa. Jirgi kuwa yakan iso da safe ya tashi da yamma, sai fitar ta faɗa daidai lokacin da a gida ba za ku yarda a aike ku ko ƙofar gida ba, a kan farin dutse mai mayar da zafi fuska, babu itace. Ku zaɓi fitar da ta fi sammako.

Santorini ce nake so mu ɗan daɗe a kanta, don a nan mutane ke shiga wahalar da ba su saya ba. Manyan jirage ba sa matsawa gaɓa, a tsakiyar ruwa suke tsayawa, ƙananan jirage masu inji su riƙa jigilar mutane. Garin Fira yana can bisa gaɓar dutse, sama da mita 200 daga tsohuwar tashar, kuma hanyoyin da ke haɗa su uku ne: matakala kusan 590 masu lanƙwasa, ko bayan jaki da alfadari a kan wannan matakalar, ko teleferik, wato akwatunan da ke tafiya jikin igiyar ƙarfe, waɗanda ke kai mutum cikin minti 3. Teleferik ɗin mutum 1,200 yake iya ɗauka a awa, alhali babban jirgi ɗaya yana zuwa da mutum dubu uku, dubu huɗu ko fiye, kuma wata rana jirage da yawa ke haɗuwa. Wanda ya sayi fitar kamfani, sau da yawa ta wata tashar ake sauke shi inda mota ke jira, ya sha yawonsa cikin sauƙi, a ƙarshe a ajiye shi a Fira a ce ya koma jirgi da kansa. Sai ya tarar da layi ya miƙe, lokaci yana tafiya, zuciya ta ce masa ai sauka ce kawai, bari in bi matakala. Matakalar nan faffaɗa ce amma gogaggiya, da kashin dabbobi a kanta, dabbobin kuma suna hawa suna sauka ba sa kauce wa kowa. Na ga wata dattijuwa zaune a gefen hanyar da targaɗe, jikanta yana riƙe da takalminta. A takarda, fitarta «facile» ce.

Maganin abin shi ne ku shiga layin teleferik da sauran awa biyu kafin ƙaramin jirgi na ƙarshe. Jakin kuma ban ba ku shawara ba. Tun 2018 gwamnatin Girka ta hana a ɗora wa dabbobin nauyin da ya wuce kilo 100, saboda irin wahalar da suke sha, kuma gangara a bayan dabba kan dutse mai santsi ba irin hawan jakin da muka yi muna yara a hanyar gona ba ne. In kun ga wata fita mai suna tafiya daga Fira zuwa garin Iya, ku wuce ta: kilomita 10 ce a kan gaɓar dutse, awa 3 zuwa 4, babu inuwa.

Dubrobnik kuwa ku je ku hau badala. Ganuwar garin ta kusa kilomita 2, da matakala sama da 1,000, amma a warwatse suke, a hau kaɗan, a miƙe, a sauka kaɗan. Ta gefe ɗaya ake zagayawa, kuma akwai inda mutum zai sauka a tsakiya in ya gaji. Ku yi rabi, in jiki ya ba da dama ku ƙarasa. Abin da zan roƙe ku kawai shi ne kada ku jera fita mai nauyi kwana biyu a jere. Kotor da Dubrobnik maƙwabta ne, jirgi yakan kwana ɗaya tsakaninsu, kuma tsamin jiya ne ke kayar da mutum yau.

Kuna da sauran makonni, ku gwada kanku a gida. Ku sami bene mai hawa ɗaya, ko matakalar filin kokowa, ku ƙirga matakan. In 18 ne, hawa da sauka sau 33 shi ne Santorini, sau 75 shi ne Kotor. Ku fara da sau 5, kwana uku a mako, kuna ƙarawa sannu a hankali, da takalmin da za ku tafi da shi. In kun kai sau 20 kuna iya magana ba numfashi ya yanke muku zance ba, kuma washegari gwiwa ba ta kumbura ba, duk abin da aka rubuta wa «modéré» a tafiyar nan ba zai gagare ku ba da yardar Allah. In kuwa kun ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko ciwon da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ku tsaya nan take ku ga likita kafin maganar jirgi.

Sai agogo. Ana so kowa ya dawo cikin jirgi kimanin minti 30 kafin tashi, inda ake jigila da ƙananan jirage ma tun kafin haka. In fitar kamfanin jirgin kuka bi aka makara, za a jira ku. In da kanku kuka fita, jirgi yana iya tafiya ya bar ku, ku nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗinku. Kuma a watan Yuli Italiya tana gaban Nijar da awa 1, Girka da awa 2. Kowace safiya ku daidaita agogon hannunku da na jirgi. Ku ce wa ɗanku ya rubuta wa kamfanin ya tambayi adadin matakala, da mita nawa ake hawa, da ko akwai inda mutum zai zauna ya jira ayari ya dawo. Ku gaida Inna.

Tambaya: Ina aiki a Yamai, kuma zan raka mahaifiyata irin wannan tafiya ta jirgin ruwa zuwa Italiya da Girka. Shekararta 61, tana da ciwon suga da hawan jini, tana da jiki kuma. Na zaɓa mana fitar da aka ce masu sauƙi ne kawai. Hankalina zai iya kwanciya? Kuma ita ba ta sa komai sai zane da dogon hijabi da silifa.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri, kin yi tunani mai kyau. Sai dai kalmar sauƙi a takardar nan tana nufin babu hawan dutse ne, ba ta nufin babu tafiya. Manyan jiragen nan tsawonsu ya haura mita 300. Daga ɗakinku zuwa ƙofar fita, daga nan zuwa inda motoci ke jira a tasha, Hajiya tana iya taka rabin kilomita ba a fara yawon ba. Sannan ga tsayuwa. Ja-gora zai tsaya gaban wani gini ya yi bayani na minti 10, a matsa kaɗan ya sake tsayawa, haka har awa uku, kuma ga mai jiki tsayuwa ta fi tafiya cin baya da ƙafa. Akwai ƴar kujera mai naɗewa wadda ake riƙewa kamar sanda, ki nema mata. Inda ake shiga ƙaramin jirgi kuma, sai an ɗaga ƙafa an tsallaka yayin da ruwa ke motsa shi. Ma'aikata suna kama hannun mutum, ki ce mata ta miƙa musu hannu biyu, jakarta kuma ta kasance a wurinki.

In Fomfei tana cikin zaɓinku, ki sani titunanta manyan baƙaƙen duwatsu ne marasa daidaito, da ramukan da ƙafafun amalanke suka bari tun zamanin Rumawa. Amma tun 2016 an buɗe wata hanya ta musamman mai sama da kilomita 3 domin masu keken guragu da masu rauni, ki tambaya ko ta nan za a bi da ku. A Akrofolis ma akwai na'urar ɗaga mutane da aka sa a ƙarshen 2020 domin masu buƙata ta musamman.

Maganar takalmi ba ta sasantawa. Silifa ta zauna a ɗaki. Ki saya mata baskit, wato takalmin wasanni, mai taushin ciki da ƙasan roba mai kama ƙasa, da safa ta auduga, ta fara sa shi yau, tana zagaya tsakar gida da shi, tana zuwa unguwa. Mai ciwon suga sau da yawa jin ƙafarsa yana raguwa, sabon takalmi zai yi mata bororo ba ta sani ba, kuma ciwon ƙafar mai suga ba ya saurin warkewa. Kowane dare ki duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu da idonki. Zane da hijabi kuwa ba sai ta bar su ba. Maiɗakina wando ta sa a ciki, ta ɗaura zane ya tsaya bisa idon sawu, ta sa hijabin da ya tsaya a gwiwa, don ta riƙa ganin inda take taka ƙafa, hannayenta kuma su sami damar dafa bango. Suturarta ba ta ragu da komai ba. Dogon hijabi mai jan ƙasa a kan matakala shi ne abin da nake tsoro.

Kafin ku tashi ku je wurin likitanta, ki gaya masa za ta yi tafiyar ƙasa fiye da yadda ta saba, cikin zafi. Motsa jiki yana saukar da suga, wasu magungunan hawan jini kuma suna sa yawan fitsari, ga gumi, sai jiki ya bushe. Shi zai ce ko a gyara wani abu, kada ku rage ko ku ƙara da kanku. Kada ta fita ba ta karya ba. Ki riƙe dabino ko ƙwayar sukari a jaka, da gorar ruwa babba. In kin ga tana zufa mai sanyi, hannu yana rawa, ko maganarta ta fara rikicewa, zaunar da ita ki ba ta abu mai zaƙi nan take, ki sanar da ja-gora. Iyayenmu mata suna da kawaici, za ta ce miki ba komai don kada ta ɓata miki yawo, wasu ma sukan ƙi shan ruwa don gudun neman makewayi a baƙon wuri. Fuskarta za ki riƙa karantawa.

Magungunanta da takardar likita su kasance a jakar hannu, da ƙarin na ƴan kwanaki. Akwai ɗakin likita a cikin jirgi, amma biya ake yi, kuma da tsada. Inshorar da ake nema wajen bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai dole ta kai yuro 30,000, kusan sefa miliyan 20, ki karanta ta da kyau ki tabbata ta haɗa da jinya a cikin jirgin ruwa. Ranar da Hajiya ta tashi ta ce jikinta ba daɗi, ku yi zamanku. Jirgi yakan yi shiru in mutane sun fita, ku hau sama ku sami inuwa, garin yana gabanku kuna kallo.

Tambaya: Ni ɗalibi ne ɗan Yamai, ina karatu a Faransa, shekarata 24, ina buga ƙwallo. Ni da abokaina za mu bi jirgi zuwa Norwe a watan Agusta, kuma akwai fita zuwa dutsen Preikestolen. An rubuta mai wuya ce. Ga matashi ma?

Amsa: Ɗana, kai za ka iya, amma ka ba shi girmansa. Dutsen faifai ne shimfiɗaɗɗe da ya leƙo mita 604 a saman ruwa. Daga tashar Sitabanga mota za ta kai ku gindin hanya, sannan ku taka kilomita 8 zuwa da dawowa, da hawan da jimillarsa ta kai wajen mita 500. Da lissafin Naismith da na yi wa Baba Malam bayani, awa biyu da rabi ke nan, amma awa 4 ake ba mutane, domin hanyar manyan duwatsu ce, wani wurin matakala ce da magina ƴan ƙabilar Sherfa daga Nefal suka jera, ga cunkoson jama'a a Agusta. Abokin gabarka a can ruwan sama ne da sanyi. Yanayi yana juyawa cikin awa guda, jiƙaƙƙen dutse yana da santsi, hazo kuma yana iya rufe komai. Ka sa takalmi mai riƙe idon sawu, ka ɗauki rigar ruwa da ta sanyi ko da ka ga rana da safe, da abinci da ruwa a jakar baya. A bakin faifan babu shinge ko ɗaya. Ka ɗauki hotonka daga nesa da baki, kada kuma ka bari abokai su zuga ka ka zauna ka saki ƙafafu. Lokacin da ja-gora ya ce a juyo, ka juyo ko ba ka kai ba, domin saukar ma tana cin kusan awa biyu kuma motar tana da lokacin tashi.